Bishiyar da ke zaga Tarauni

Na fito da bokitin ruwa zan shayar da 'yar bishiyar da wata ƙungiyar matasa ta dasa mana ɗazu a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, sai na tarar sakatarensu yana tumɓuke ta.

Alhali an sha jawabi, an sha hoto. Baba mai gyaran takalmi, da rana ke gasawa kullum, har ƙwalla ya yi yana sa musu albarka.

Na ce, "Malam, ina za ka kai mana ita?"

Ya ce, "Darmanawa, Hajiya. Su ma suna jiran dashe, kuma ita kaɗai gare mu. Amma mun bar muku ramin."

Ya cusa ta a adaidaita suka wuce.

Mutanen Darmanawa, in ta iso don Allah ku ba ta ruwa, tun safe take hidimar al'umma. Ku kuma ta biyo ta unguwarku?