Babur a Kan Tsamiya

Shekarar da kogi ya cika ya shigo mana unguwa a Haɗeja, maigidana bai fara da buhunan shinkafa ba, da babur ɗinsa ya fara. Ya tara maƙwabta suka ɗaure shi da igiyar rijiya, suka ja shi sama can kan tsamiyar tsakar gida. Mu kuma muka kwashe yara muka tafi wajen yayansa a Malam Madori.

Da ruwa ya janye muka dawo, hanya duk taɓo, sai ya ce a bar babur a sama tukuna.

Ran nan yayansa ya kawo mana ziyara, ya ɗaga kai ya ce, "Kai, baƙin man inji fa mutuwa yake in ya daɗe a kwance."

Maƙwabcinmu masunci yana zaure yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Ya ce, "Haba Alhaji! Man da ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa tun kafin kakanninmu bai mutu ba, sai a kan tsamiya?"

Suka yi ta musu har la'asar. Maigida dai hankalinsa ya tashi. Na ce, "Malam, ka sauko da shi mana a duba."

Ya ce, "Ke ba ki san wahalar da muka sha wajen ɗaga shi ba."

Daga nan duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya naɗe babbar riga, ya hau bishiya, ya zauna a kan babur, ya buga kik. Wai yana motsa man ne kada ya yi barci. Tsamiya ta yi ta rawa tana hayaƙi, kaji su watse, ni kuma in bi da faifai ina tsintar abin da ya zubo. Wata baƙuwa mai tallar nono ta taɓa yar da ƙwaryarta tana salati.

Sai da sanyi ya wuce aka sauko da shi. Bakanike ya zo ya kwance ƙasan inji, mai ya zubo fari-fari kamar kunun gyaɗa.

Yayansa ya ce, "To ka gani, ya mutu."

Masunci ya ce, "Ba mutuwa ya yi ba, tayar da shi aka riƙa yi yana tsakiyar hutawa."

Bakanike ya ce laima ce ta taru a ciki, tunda injin bai taɓa yin zafi sosai ba. Babu wanda ya kula shi, kowa na ganin shi ne da gaskiya.

Aka zuba sabon mai, maigida ya hau ya tafi kasuwar kifi da murna. Da yamma sai ga shi ya dawo a ƙasa, riƙe da ledar tarwaɗa.

Na ce, "Malam, ina babur?"

Ya tsaya yana kallona, sannan ya miƙo mini kifin ya juya kasuwa da gudu. Ashe ya saba da tafiya a ƙasa har ya manta da babur.