Manyan Birkin Kawu Sale

Ƙarfe bakwai da kwata na safe muka tashi daga Durumi zuwa asibitin Gwagwalada, mu uku: ni, da matata Hajara da naƙuda ta kama, da marigayi Kawu Sale a sitiyari. Ku da kuka san shi kun san ba ya barin ƙofar gida sai ya taka birki sau uku yana kasa kunne. Ran nan ma bai fasa ba.

Zan bi abin daki-daki. Na farko, kafin wannan rana ya sa an cire birkin gaba na ƙaramar motarsa an ɗaura na babbar motar jif, saboda wasu shanu da suka taɓa yanke masa hanya a Jiwa. Makanikensa ya ce, "Oga, a irin gudun da kake yi, ko tari ka yi motar nan za ta tsaya." Kawu ya ce aiki ya kawo, ba wa'azi ya zo ji ba. Tsofaffin rim na tayoyin suka ƙi shiga kan sabon birkin, ya sauya duka huɗun. Tayar safaya kuwa ba wanda ya tuna da ita.

Na biyu, a hanya. Hajara tana cije leɓe, shi yana lallaɓa motar a hankali. Na ce, "Kawu, tunda birki ya yi girma, a ƙara wuta mana." Ya ce birki na tsayawa ne, ba na gudu ba.

Na uku, saura kaɗan mu isa tayar gaba ta fashe, ya taka birki muka tsaya. Muka fito da safaya, ta ƙi zama a kan birkin. Ya juya ta, ya sake juyawa, ta ƙi. Hajara ta daina magana, sai salati. Dole muka ɗaga baya, inda tsohon birki yake, muka ciro tayar can muka sa safaya, sannan muka dawo da jak gaba don mu ɗaura tayar da muka ciro. Mutumin da in ban da makanike bai taɓa yarda wani ya taɓa motarsa ba ya miƙo min sifana ya ce, "Kai ne yaro, yi sauri."

Ana shiga da Hajara ɗakin haihuwa ta sauka lafiya. Da na fito da albishir na sami Kawu a kan benci, ido jawur. Ya share fuska ya ce, "Amma dai ka ga yadda motar ta tsaya cak?"

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya huta. Ina roƙonku, duk wanda ya taɓa shiga motar nan, ya sa shi cikin addu'arsa yau.