Rigar Kwamfuta

Kwana uku ke nan Malama Muzdalifa tana zuwa Gusau daga Tsafe karɓar takardar canjin makaranta, ana ce mata kwamfutocin ofis sun yi nauyi. Yau ta tarar da mai gyara.

Dogo ne siriri, idanunsa jajur, sukundireba a aljihun kaftani. Da rarrafe yake bin wayar da ta haɗa kwamfutocin, gwiwoyin wandonsa duk sun koɗe. A ranta ta ce, wannan ya saba ɗaukar laifin da ba nasa ba.

Wayar ta kai shi ga babbar kwamfutar da sauran suka dogara da ita, lulluɓe da rigar ulu mai furanni. Ya taɓa, zafi ya sa ya janye hannu.

"Wa ya saƙa wannan?"

"Ni ce," in ji dattijuwa mai buga takardu. "Kayan gwamnati ne, kar su yi datti."

Ya ninke rigar, ya miƙa mata da hannu biyu. "Ta yi kyau, Hajiya. Amma ita ma iska take sha."

Fanka ɗaya ce a ofis ɗin. Ya juya ta ga kwamfutar, ya zauna yana jira, gumi na bin wuyansa.