Baƙuwar Ɗakin Ƙarshen Baranda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsaye a ɗakin ajiyar zannuwa ina yi wa mai wanki faɗa a kan tawul ɗin da ya kawo mana da danshi, wayata ta yi ƙara. Babbar 'yarki ce. Ba ta iya ƙarasa maganar ba, ni ma ban buƙaci ta ƙarasa ba. Inna, tsohuwar shugabar masu gyaran ɗakuna a otal ɗinmu, kin riga mu gidan gaskiya bayan gajeriyar jinya. Mai wanki ya ajiye tawul ɗin, ya zauna a ƙasa, ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Shi ma a hannunki ya koyi aiki.

Ni ce na gaje ki a shugabancin sashen, shekarun baya da gwiwoyinki suka fara ƙin hawa bene. Amma abu ɗaya ne ba ki taɓa miƙa wa kowa ba, wato ɗakin ƙarshen baranda a hawa na farko. Wanda bai san otal ba zai ce ai ɗaki ɗaki ne. A sana'armu kuwa ɗakin da ya kwana babu baƙo ya yi asarar da ba ta dawowa, don ba a ajiye kwanan jiya a sayar da shi gobe. Duk da haka kika je gaban Tsohon Maigida, Allah Ya jiƙansa, kika roƙe shi ya cire ɗaki guda daga kasuwa, ya bar miki shi da gadonsa da labulensa da banɗakinsa, don sababbin ma'aikata su riƙa koyo a ciki. An ce ya dube ki ya ce, "Kin san abin da kike tambaya kuwa?" Kika ce kin sani, gara su yi kuskurensu a kanki da su yi shi a kan baƙonsa. Ya ba ki makulli.

A kanki ɗin kuwa muka yi ta kuskuren. Ba a tsaye kike koyarwa ba kamar sauran masu horo. Shiga ɗakin kike yi, ki rufe ƙofa, ki cire takalmi, ki haye gado, ki zama baƙuwa. Mai koyo yana waje da keken kayan shara da zannuwa, bai san wa zai tarar ba. Yau ke ce matafiyin da ya sha hanya, barci ya fara masa daɗi. Gobe ke ce matar da ɗan kunnenta ya ɓace, ta rantse mu muka ɗauke, alhali yana maƙale a gyalenta. Wata rana ki zama baƙon da ba ya jin harshenmu, kina ta nuna famfo kina wani irin yare da ke kanki ba ki san shi ba, mu kuma muna cije leɓe kada dariya ta kuɓuce. Shi ya sa a bayan idonki muke kiranki Baƙuwa Mai Rigima. Kin san da sunan, kuma na tabbata kina jin daɗinsa.

Ranar da na fara zuwa ba ta ɓace mini ba. Masaƙar da maigidana yake aiki ta rufe, ga yara, ga hayar gida, ni kuwa ban taɓa aikin albashi ba. Manajan lokacin ya tambayi takardar shaidar makaranta, na sunkuyar da kai. Kika ce masa ya ba ki ni ki gani, zanin gado ba ya tambayar takarda. Aka tsayar da ni a ƙofar ɗakin nan. Na ƙwanƙwasa, kafin hannuna ya sauka na riga na murɗa ƙofa na faɗa ciki. Kika zabura daga kan gado, kika ja bargo har wuya, kika ƙwala ihun da ya sa mai gadi ya hawo da gudu da sandarsa. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, aikin da ban fara ba ya ƙare. Sai kika sauke bargon, kika gyara ɗankwali, kika ce, "'Yar Sauri, koma waje. Sauri ya haifi nawa." Sunan ya bi ni har yau, har jikokina sun san shi.

Darasinki na farko bai taɓa canjawa ba. Ka ƙwanƙwasa, ka faɗi ko kai wane ne, sannan ka jira. Idan shiru, ka sake, ka kuma jira. Kina cewa shimfiɗa gado da wanke banɗaki ko wa ma zai iya cikin mako guda, jiran ne sana'ar. Mutumin da ke bayan ƙofar nan ya bar gidansa, ya bar iyalinsa, abin da ya rage masa na sirri a garin nan ƙofar ce kaɗai, to kada kai ka ƙwace masa ita. Kin hana mu kiran kowa kwastoma. Kwastoma, in ji ki, a shago yake, ya saya ya tafi. Wanda ya kwana ƙarƙashin rufinka baƙo ne.

Alherinki bai tsaya a ƙofar ɗakin ba. Kowa a sana'ar nan ya san lokacin da kasuwa ke mutuwa, ɗakuna su yi fayau, masu otal su fara sallamar ma'aikata sai baƙi sun dawo. Ke ce kika kawo shawarar a koya wa kowa aiki biyu. Mai gyaran ɗaki ta iya jera faranti da kai abinci tebur, mai kai abinci ya iya guga, mai guga ya iya karɓar baƙo a teburin shiga. Mun yi ta gunaguni a lokacin, ni ce ma kan gaba, ina cewa an ɗauke mu aiki ɗaya ana so a sa mu uku. Da kasuwa ta faɗi, sai ga otal ɗin da ke tsallaken titi ya sallami mutanensa, mu kuwa aka yi ta juya mu daga sashe zuwa sashe, babu wanda aka ce ya zauna gida. A ranar na rufe bakina. Mai shayarwa kikan sauya mata lokacin aiki ba tare da ta roƙa ba. Mai wankin da na ambata yana ɗingishi tun yarinta, wurare da dama sun mayar da shi daga bakin ƙofa, ke kika ce ai ba da ƙafa ake ninke zani ba.

Abin da ya fi ba masu otal haushi shi ne, da zarar mutum ya ƙware a hannunki, sai wani babban otal ya ƙara masa albashi ya ɗauke shi. Tsohon Maigida yakan ce mu ke shuka, wasu ke girbi. Ke kuwa ko a jikinki. Wanda ya zo yi miki sallama yana jin kunya, sai ki sa masa albarka, ki raka shi har bakin titi, ki ce ya je ya fita kunyarki. Kina cewa duk inda suka je da sunan gidan nan suka tafi, kuma ba ki koya wa kowa aiki don ki ɗaure shi ba.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka ke mai ƙin sabon abu ce. Da Ƙaramin Maigida ya gaji mahaifinsa, ya zo da canje-canje masu yawa, kuma akasarinsu alheri ne. Ya kawo manyan injinan wanki da suka hutar da bayanmu. Ya cire makullan ƙarfe ya sa na kati. Ya ba kowace mai gyara waya da ke nuna mata ɗakin da baƙo ya bari, ba sai ta yi ta hawa da sauka tana tambaya ba. Ke kika fara koyon wayar, tabarau a kan karan hanci, kina latsawa da yatsa ɗaya kina cewa, "Kai, ina ma wannan ta zo tun gwiwoyina suna da rai." Kin yaba masa a gabansa, kin yaba masa a bayansa.

A kan ɗakin ne kawai kuka saɓa. Shi yana ganin yanzu ana iya nuna wa sabon ma'aikaci komai a bidiyo, ya kalla a wayarsa ko sau nawa yake so, ɗakin kuma a mayar da shi kasuwa kamar sauran. Ba mugunta ba ce, shi ke biyan albashinmu, shi ya san nauyin da ke kansa. Ke kuma kika ce bidiyo zai nuna wa yarinya yadda ake lanƙwasa kusurwar zani, amma ba zai daka mata tsawa ta koyi haɗiye fushi ba, ba zai yi mata shiru ta koyi jira ba. Don girman da yake ba ki ya bar maganar. Ƙofar ɗakin ce kaɗai a duk ginin da ta rage da makullin ƙarfe. Amma dukanmu mun san maganar ba ta mutu ba, kwanciya ta yi.

Da kika kwanta jinya, na je duba ki a asibiti da rana, bayan na tashi daga aiki. Na ƙwanƙwasa, na ce, "Inna, ni ce," na tsaya. Can na ji muryarki ƙasa-ƙasa kina cewa in shigo. Kin rame ƙwarai, amma idon nan naki yana nan. Kika ce, "'Yar Sauri, yau dai kin jira." Muka yi dariya har tari ya sarƙe ki. Na ga hannunki yana shafa gefen katifa, na gane abin da ke damunki, na tashi na ja zanin na lanƙwasa kusurwar yadda kika koya mini. Kika shafa, kika gyaɗa kai. Da zan tafi kika riƙe mini hannu kika ce akwai yara sababbi da kika fara da su ba ki gama ba. Sannan kika tambaye ni, "Ɗakin fa?" Na ce ki dai samu sauƙi tukuna. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, kuma wallahi tambayar ta bi ni har gida.

A wurin zaman makoki na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutane suna ta shigowa daga wuraren aikinsu ba su ko canja kaya ba, kowa da rigar otal ɗinsa, wannan shuɗiya, wancan ruwan toka, wata da ɗan bajon manaja a ƙirji. Wasu na san su, wasu sun bar gidanmu tun kafin in zo. Ana kuka, sai wani ya tuno ranar da kika zama baƙon da ya ce akwai ƙadangare a ƙarƙashin gado, sai kuka ya koma dariya, dariya ta koma kuka. Ƙaramin Maigida yana zaune a gefe tare da ɗanki, yana saurare.

Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ofishinsa. Makullin ƙarfen yana kan tebur, 'yarki ta dawo da shi daga cikin jakarki. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Yaya, ɗaki ba ya koyar da kowa. Inna ce take koyarwa. Idan babu mai hawa gadon nan, zan sa a yi masa fenti a sa masa kati. Idan akwai, ga makulli." Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta yi mini nauyi. Ni da kowa ya sani da gajen haƙuri, ni da ban iya canja murya ba, ina ni ina gadon Inna? Sai tambayarki ta dawo mini, na miƙa hannu na ɗauka.

Washegari da safe na buɗe ɗakin. Tabaranki na karatu yana kan ɗan teburin gefen gado inda kika manta shi. Na rufe ƙofa, na cire takalmi, na hau. Na shirya tsaf zan zama matar ɗan kunne, har na tanadi tsawar da zan daka. Na ji ƙarar keken kaya yana tahowa a baranda, ya tsaya. Ɗaya daga cikin yaran da kika fara da su ce. Ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Barka da safiya, mai gyaran ɗaki ce." Na buɗe baki, Inna, murya ta ƙi fita. Hawaye kawai ke zuba a kan filon da kika sha kwanciya a kai. Na ce yanzu za ta turo ƙofa ta same ni a haka. Ba ta turo ba. Ta tsaya. Bayan wani lokaci ta sake ƙwanƙwasawa a hankali, ta sake faɗin ko ita wace ce, ta kuma tsayawa. Ta ba ni lokacin da na share fuska, na gyara ɗankwali, na nemo muryata. Ba ta san abin da ke faruwa a ciki ba, ta dai san akwai mutum a bayan ƙofa. Ke kika koya mata.

Ga amsar da na kasa ba ki a asibiti. Ɗakin yana nan, Inna. Baƙuwar ce ta tafi.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa, Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi. Ta yi rayuwarta tana kyautata wa baƙi, yau ita ce baƙuwarKa, Ka karɓe ta da rahamarKa, Ka sa Aljanna ce masaukinta. Ka sa duk wani gida da ake ci ake sha ta dalilin sana'ar da ta koyar ya zama nauyi a mizaninta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta da jikokinta da ƙannenta, da Ƙaramin Maigida da iyalinsa, da abokan aikina, da duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar nan gabansa yana faɗuwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen idan lokacinmu ya zo. Amin.