Halwar Labbo

Labbo taubashina ne, ɗan kawuna, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa muka rabu ba tare da an zagi wani ba. Ni in ce da shi mai ƙafar shamuwa, shi ya ce da ni Hindu sarkin ci. Manomin albasa ne a Badaguishiri, garkarsa na can cikin fadama, in yana ban ruwa tun daga nesa ake jin muryarsa. A ƙofar gidansa abokansa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, a ɗora shayi, a yi ta gardamar 'yan kokowa har a kira magariba. Rabin surutun wurin nasa ne shi kaɗai.

Shekarar da abin ya same shi babu wanda ya mutu. Albasa ta yi kyau, 'ya'yansa maza suna can Abija cin rani lafiyarsu lau. Haka kawai ya fara rage magana. Ya bar zuwa garka, wai jikinsa ya yi nauyi. Tuwo sai ya dawo yadda aka kai shi. Daga baya ya shige ɗaki ya ja ƙyaure.

Matarsa Aishatu, baiwar Allah, kunya ta yi mata yawa. In aka tambaye ta mai gida sai ta rasa abin faɗi. A ce namiji yana kwance rana tsaka, ba zazzaɓi ba ciwon kai? Sai ta ce yana ciki da tasbaha a hannu. Ba ƙarya ta yi ba, tasbahar na hannunsa. Kafin kasuwa ta zagayo gari ya ɗauka: Labbo ya shiga halwa, ya kulle kansa don ibada. Ramar da ya yi aka ce azumi ne, shirun kuma aka ce zikiri.

To, mutanenmu ba dai girmama bayin Allah ba. Aka hana yara wasa a layin. Mata in za su wuce sai su rage murya. Chindo, amininsa tun suna kiwon awaki, shi da hannunsa ya naɗe tabarmar ya mai da ita bakin tasha, wai kada dariyarsu ta dami Malam. Labbon da ban taɓa gani ya kai ƙarshen wazifa bai yi hamma ba, shi ne ya zama Malam.

Ni ina aure a Tsarnawa, labarin ya iske ni a wurin suna. Na yi dariya har da ƙwalla, na ce sai na je na ga wannan waliyyi da idona. Aishatu ta tare ni a tsakar gida tana raɗa, wai ba a shiga. Na ce taubashi ba ya da halwa a wurina, na tura ƙyauren.

Yana zaune ƙasa ya jingina da bango, riga ta yi masa yawa. Na ce, "Kai mai ƙafar shamuwa, yaushe aka naɗa ka waliyyi ba a gayyace ni ba?"

Ya dube ni, bai rama ba. A nan na gane ba lafiya ba. Na zauna kusa da shi.

Can ya ce, "Hindu, ba ibada nike ba. Ko Fatiha na kama, ba ni sanin inda na tsaya. Ba ni jin daɗin komi, ba ni jin ciwon komi. Safiya in ta yi, sai in ce mi ya sa ta yi."

Na ce, "Mi ya hana ka kira Chindo?"

Ya ce, "Ina ji ranar da suka ɗauke tabarma. Na ce sun gaji da ni. Na ga gaskiyarsu."

Wallahi raina ya ɓaci, kuma na rasa wanda zan yi wa faɗa, don kowa alheri ya nufa. Washegari na sa shi mota muka tafi gidan likita a Konni. Lokotoron ya zauna da shi ya yi masa tambayoyi a tsanake, kan barci da ci da abin da zuciya ke raya masa. Ya ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar hawan jini, ba lalaci ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma yana iya kama mutum ko rumbunsa cike yake. Ya ba da magani, ya ce sai an yi haƙuri kafin a ga aikinsa, a riƙa dawowa. Ya ƙara da cewa kada a bar shi shi kaɗai, zama cikin mutane yana cikin maganin.

Na zauna gidan kawu har aka dasa sabuwar albasa. A hankali Labbo ya fara cin tuwo, ya fara leƙa garka. Wata la'asar ya sa hula ya ce zai je tasha wurin su Chindo. Na bi bayansa da ƙwaryar fura a ka, kamar ina da wurin zuwa.

Suna tsakiyar wani labari suna ƙyaƙyatawa. Da suka hango shi duk suka miƙe. Aka kakkaɓe masa wuri mai kyau, Chindo ya durƙusa ya miƙa masa shayi da hannu biyu.

Labbo ya ce, "Chindo, bari wanga abu. Ba halwa na yi ba, ciwo na yi. Magani nike sha."

Chindo ya dubi sauran, suka gyaɗa kai. Ya ce, "Haka bayin Allah suke, ba su taɓa yarda ba. A sa mu a addu'a, Malam."

Babu wanda ya ƙarasa labarin. Kowa ya sunkuyar da kai, suna jiran ya faɗi wata magana mai nauyi. Labbo ya shanye shayinsa, ya ga ya hana su sakewa, ya yi musu sai an jima. Na iske shi tsaye a kwanar layi, inda ba su ganinsa. Dariyar ta dawo a bayansa, shi kuma ya karkata kunne yana so ya ji yadda labarin ya ƙare.