Hannun Hagun Kawu

Ranar da kwamitin likitoci zai fara duba hannun Kawu, na roƙe shi ya zo yadda yake. Sai ga shi kamar ango: farar shadda ta sha guga, hula ta zauna daram, turare kuwa tun daga bakin lifta nake jin sa. Ƙyallen da ake rataye masa hannu a wuya ma ya cire ya cusa a aljihu. Da na yi magana, ya ce ai gaban manya za mu, kuma shi ba a haife shi don ya shiga taro a wulaƙance ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya fi shekara goma sha biyar yana aiki a wani kamfanin kago, wato jigilar kaya, a unguwar Al Ras da ke Deira cikin Dubai, yana ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kaya, ya bi su har sito a Dubai Investments Park inda ake loda kwantena. A can ne wata rana wani akwatin ƙarfe ya zame ya danne masa hannun hagu. An yi masa aiki sau biyu, amma yatsu uku sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa, sauran biyun kuma ba sa riƙe komai. Aikin ɗaurin kaya ya ƙare ke nan. Abin da ya rage shi ne diyyar inshora, ita kuwa ta dogara ne da kason nakasar da kwamitin zai rubuta. Da ita Kawu zai koma Kano ya kafa abin da zai ci da iyalinsa, in ta yi kaɗan ya koma ya zauna yana kallon hannun mutane.

Ni ina aiki a wani kantin magani a Bur Dubai, shi ya sa yake kira na Mai Kemis. Larabcin Kawu na kasuwa ne, yalla da khalas da shwaiya, Turancinsa kuma bai wuce kago da kwantena ba. Don haka ni ne tafinta.

Likitar da ta duba shi ta tambaya ko yana jin ciwo. Ya ce alhamdulillahi, da sauƙi sosai. Ta ajiye kofi ta ce ya ɗauka. Ina kallo ya haɗa yatsu biyun nan ya ɗaga shi, gumi na tsattsafo masa a goshi, yana murmushi kamar an ba shi kyauta. Na buɗe baki zan ƙara bayani, ya yi mini kallon da ya saba yi mini tun ina yaro in na sa baki a zancen manya, na haɗiye maganata. Ta tambaya da wane hannu yake rubutu da cin abinci, ya ce dama. Ta rubuta. Minti goma ba su cika ba muka fito, yana ta yabon kirkinta.

Bayan wata biyu takarda ta fito. Kason ya yi ƙasa ƙwarai, da dalilai biyu: hagu ba hannun aikinsa ba ne, kuma majinyacin da kansa ya ce ya samu sauƙi.

Ina da saurin fushi, kowa a gidanmu ya sani, amma ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba sai ranar. A kan matattakalar masaukinsu na tsaya ina faɗa. Na ce shadda da turare sun cinye masa haƙƙinsa, na ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka balle buhun kaya, kuma shi ya fi kowa sani. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce Allah ya bar masa hannu guda da ƙafa biyu da ido biyu, to da wane baki zai je gaban baƙi yana raki? Ya ƙara da cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Na ce bizarsa ba za ta jira dutse ya dahu ba. Ya yi dariya, ni kuwa na tafi ina huci, amma kafin in kai bakin ruwan da nake tsallakawa in koma gida kunya ta kama ni.

Muka ɗaukaka ƙara, muka nemi a sake duba shi. Nan na san cewa jira ma sana'a ce. Duk ranar hutuna sai in hau abra, ƙaramin jirgin ruwan da ke tsallaka mutane zuwa Deira, in ɗauko Kawu mu kama hanya cikin zafin da ke sa takarda ta yi laushi a hannu. Yau a ce hoton ƙashi ya tsufa, a sake. Mu sake, a ce rahoton asibiti babu hatimi. Mu samo hatimi, a ce wasiƙar kamfani ta wuce wa'adi. Matar da ke tagar karɓar takardu ba ta taɓa yi mana tsawa ba, kullum da murmushi take cewa inshallah, har na gwammace ta yi mana tsawar. Kawu kuwa ya san sunan mai gadi da mai shara, yana tambayar su iyali. Ni ina duba waya sau ashirin a rana, saƙon ɗaya ne: ana kan dubawa.

Ana saura kwana kaɗan a sake duba shi, wani dattijo ɗan Damagaram da suke ɗaki ɗaya ya ja ni gefe. Su shida ne a ɗakin, kuma duk Juma'a bayan masallaci sukan zauna su ci a faranti guda. Ya ce tun da Kawu ya dawo daga asibiti bai ƙara sa hannu a farantin ba. Sai ya zuba nasa a ƙaramin kwano, ya ɗauki cokali, ya koma jikin taga. Sun yi ta tunanin ko sun ɓata masa ne. Na ce zan tambaye shi, amma ban tambaya ba, don na ɗauka ɓacin ran zaman banza ne.

A karo na biyu Kawu ya yarda ya bar ƙyallen a wuya, amma turare sai da ya fesa. Likitan wani dattijon Balarabe ne mai furfura, ba ya gaggawa. Ya murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya auna, sannan ya ce a gaya masa abin da hannun nan yake yi a da wanda ba ya yi yanzu. Kawu ya ce ɗaurin igiya. Ya ce maɓallin riga. Likitan ya jira kaɗan, ya ce a ƙa'ida hagu ba ta kai dama ba, sai in akwai wani abin da bai ji ba. Ya ɗauki biro zai rufe fayil. Na ce a raina shi ke nan, mun sake yin asarar wata da watanni.

Sai Kawu ya juya fuskarsa ga bango.

"Mai Kemis," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "gaya masa hannun da nake tsarki da shi ne ya mutu. Yanzu da na cin abinci nake yi. Malam ya ce lalura ce, babu laifi, amma ni ba zan iya sa shi a kwanon mutane ba."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Wannan magana ce da mutum ba ya yi wa ɗan'uwansa, balle ɗan da ya goya. Ga shi kuma babu hanyar da za ta kai ga likitan sai ta bakina. Na fara fassarawa ina kallon takalmina. Ban kai ƙarshe ba likitan ya ɗaga hannu alamar ya isa. Ya daɗe yana kallon bayan Kawu, sannan ya buɗe fayil ɗin ya yi rubutu mai tsawo.

Muka hau abra zan mayar da Kawu Deira. Sai da muka kusa gaɓa ya ce kada uwata ta ji, na ce ba za ta ji ba.

Daga ranar Kawu ya fara guduna. In na kira sai ya ce yana masallaci, in na je a ce ya fita. Ban ji haushinsa ba, tausayinsa nake ji, da haushin kaina. Ni da na tsaya a matattakala ina yi masa wa'azin ya faɗi gaskiya, ban san nauyin gaskiyar da nake nema ba. Na fara tsoron ko da kuɗin sun fito, na rasa kawuna.

Hukuncin ya ɗauki fiye da wata uku. Da ya fito, an ɗaga kason. Bai kai yadda nake fata ba, amma zai kafa mutum. Na kira shi na ce takardar tana hannuna, kuma ba zan kai masa ba, sai dai ya tsallako gidana ya karɓa. Ya ce na raina shi. Na ce na ji.

Ya zo bayan Juma'a. Na karanta masa, ya ce alhamdulillahi sau uku, ya ninke takardar a kan gwiwarsa da hannu ɗaya ya sa a aljihu. Ya miƙe zai tafi, na ce na yi tuwo. Tuwon semo ne da miyar kuka, kukar wani ɗan kasuwa ne ya kawo mini daga gida. Na shimfiɗa leda a ƙasa, na ajiye kwano ɗaya a tsakiya, na kawo ruwan wanke hannu.

Ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Babu cokali a gidan nan?"

"Babu, Kawu."

"Ka dai san abin da ake ciki."

"Na sani. Ai ni na fassara."

Ya tashi ya shiga kicin. Ina jin ruwa yana zuba, ya daɗe yana zuba, har na fara tunanin zai fito da cokali, don suna nan cike da aljihun kabad. Ya fito ba komai a hannunsa. Ya zauna, ya naɗe hannun riga da haƙori, ya yi bismilla. Lomar farko ya yanka ta can gefe, ƙarama, yana kaffa-kaffa kada ya taɓa ɓangarena. Na yi kamar ban gani ba, na ci gaba da ci ina ba shi labarin wani mai saye da ya zo neman maganin furfura. Ya yi loma ta biyu, ta uku. Ya ce miyar ta yi gishiri, na ce haka ake yin ta a Bur Dubai.

Tsokar nama ɗaya ce babba a kwanon, na bar masa ita a gabansa. Ya dube ta, sannan ya sa yatsunsa ya turo ta gabana.

"Ci, Mai Kemis," ya ce. "Ka sha rana."

Na ɗauka na ci.