Maɗaurin Da Nake Ja Mata Ranar Tsere

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni matar ɗalibi ce, ban daɗe da zuwa Manchester ba. Maigidana yana karatun digirinsa na uku, muna zaune a wani ƙaramin flat a Withington, shi ya tafi jami'a tun safe, ni in wuni ina kallon ruwan sama ta taga. A gida malamar firamare ce ni, kuma tarbiyyar da na taso da ita ita ce idan wanda ya fi ki sanin abu ya ce ki yi, to ki yi, ba ki tsaya jera masa tambayoyi ba. Da zama ya ishe ni sai na nemi aikin care, wato kula da masu lalura a gidajensu. Bayan ɗan horo aka tura ni wajen wata mata 'yar Brazil.

Na tafi ina zaton mara lafiya zan tarar a kwance, sai ga mace mai faffaɗar kafaɗa kamar ta ɗan dambe, ga yawan dariya. Haɗarin mota ne ya karya mata wuya tun tana budurwa, lakarta ta taɓu, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ta jin komai, yatsunta ma ba sa damƙa sosai. Amma 'yar tseren keken guragu ce, irin dogon tseren nan da ake ratsa gari guda. Ta ce min da keken aro ta fara, a titin bakin teku na garinsu, har ta kai ana kai ta ƙasashe tana ciyo lambobi. Yanzu shekaru sun fara ja, yara mata suna wuce ta, shi ya sa ta zo nan ta yi atisaye ko ƙasarta ta sake ɗaukarta sau ɗaya kafin ta ajiye. Na so matar nan. Ita ta koya min shiga bas ba tare da tsoro ba, kuma idan lokacin sallah ya yi da kanta take nuna min agogo.

Aikina shi ne in shirya ta, in taimaka ta shiga keken tseren, wani dogo mai taya uku da ake naɗe ƙafafu a ciki a duƙa, in sa mata safar hannu da hular kwano. Da sassafe muke fita wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka shimfiɗa wa kwalta, itatuwa sun rufe ta gefe da gefe, ga gadoji tana bi ta ƙarƙashinsu. A lokacin sanyi hazo kan cika wajen, ba kowa. Sai ta shige cikinsa ta ɓace, in tsaya ni kaɗai da jakarta ina jin bugun hannunta a kan taya yana nisa, daga baya ya dawo kafin in ga mai yin sa.

Wata rana ta miƙo min wani siririn maɗauri baƙi, daban da waɗanda na saba sa mata. Ta ce in zagaya shi a cinyarta ta hagu, ƙarƙashin wando, in yi ta ja har sai ta ce ya isa. Na tambaye ta yaya za ta san ya isa alhali ba ta jin wajen, ta yi murmushi ta ce za ta sani. Na ja, ta ce in ƙara. Na ƙara iya ƙarfina. Sai na ga gashin hannunta ya miƙe ɗaya bayan ɗaya. Fuskarta ta yi ja, zufa ta keto mata a cikin wannan sanyin, amma zufar daga goshi zuwa ƙirji ta tsaya, kamar an ja layi. Ƙasa da layin fatarta sanyi ƙalau, a bushe, kamar ta wanda aka gama yi wa wanka za a sa a likkafani. Ƙafar da ba ta motsa ba shekara da shekaru ta fara harbawa da kanta, tana buga ƙarfen keken. Ta ɗago ta dube ni da wasu idanu da ban san ta da su ba, ta ce, "Ya farka." Ran nan gudun da ta yi ban taɓa ganin irinsa ba.

Da muka koma gida na kwance maɗaurin, na ga shatinsa ya nutse a naman ya yi baƙi. Ta ce kada in damu, wai rabin jikinta na ƙasa wani maƙwabci ne da suka daina magana tun ranar haɗarin, amma idan aka tsokane shi yakan yi ihu, ihun ne ke ba ta ƙarfi. Ta ce duk manyan 'yan tsere sun san da wannan, kuma kada in faɗa wa mai horar da ita don tsoho ne mai tsoro. Wallahi abin da ya zo min a rai shi ne iska ce a jikinta. Na riƙa karanta addu'o'i a zuciyata duk ranar da ta fito da maɗaurin, ina ja ina tofa mata a ɓoye. Na gaya wa maigidana, ya ce Turawa da 'yan wasansu sun fi mu sanin jikinsu, in yi aikina kawai. Bai zo wa ɗayanmu a rai ba cewa maganar ta likita ce.

Da bazara ta shigo aka yi wani babban tsere a Birmingham. Muka tafi tun ana gobe, ita a otal, ni na sauka a Small Heath wajen wata Hajiya 'yar Ghana da muka saba. Da safe a wajen shiri ta ba ni maɗaurin, ta ce yau in wuce inda na saba tsayawa. Na ce mata gabana yana faɗuwa. Ta dafa hannuna ta kira ni ƙanwarta, ta ce wannan ne na ƙarshe. Na ja. Ta ce kanta yana sarawa, amma haka ake so. Aka tashe su, na tafi wajen da ake ƙarewa na tsaya cikin jama'a.

Na hango ta daga nesa, tana cikin na gaba. Mutane na ta tafi. Sai na lura hannu ɗaya ne ke bugun tayar, na daman yana lilo, keken yana karkacewa a hankali kamar wani ne ke jan sa gefe. Kanta a sunkuye, jini na ɗiga daga hancinta, amma hannun hagun bai daina bugu ba har keken ya daki shingen ƙarfe. Ko da ya tsaya, hannun yana ta dukan tayar.

A asibiti wata likita ta fito riƙe da maɗaurin da suka yanke, ta tambayi wanda ya ɗaura. Na ce ni ce. Ta zaunar da ni ta yi min bayani cewa mai irin wannan rauni idan aka cutar da inda ba ya ji, jininsa kan hau nan take fiye da kima, kuma wasu 'yan tsere na yin haka da gangan don su ƙara gudu, duk da an haramta saboda yana iya kisa. Nata hawan jinin ya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa. Aka dakatar da ni daga aiki, aka yi ta kirana ana yi min tambayoyi, muna zaune cikin fargabar za a kore mu daga ƙasar, karatun maigidana ya tashi a banza. Da ta farfaɗo, ɓarin damanta ya shanye, Turancin ma ya gudu daga bakinta, sai yarensu. Yayarta da ta zo daga Brazil ce ta fassara wa masu binciken cewa ta ce ban san komai ba, ita ta yaudare ni. Haka na tsira. Ranar da na je yi mata sallama ta yi ta magana tana hawaye, ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Ba ta sake tsere ba.

Edita, an wanke ni, amma na kasa mantawa cewa idona ya ga abin da ya isa ya sa in tsaya, sai na ba shi sunan iska na yi shiru. Addu'a ba ta hana tambaya. 'Yan'uwana da ke aikin kula da mutane a ƙasar nan, muna da yawa, kuma yawancinmu muna jin nauyin cewa a'a. Idan aka sa ki yin abin da ba a koya miki ba, ko aka ce kada ki faɗa wa wani, ki janye hannunki ki nemi likita a ranar, ko da mai jikin ne da kansa yake roƙonki, ko da kina ƙaunarsa. Ni ƙaunar da nake mata ce ta sa na ƙara ja.